ZAFIN BAZARA DA NAƘASASSUN GIDANKA

Ya kai maigida, da ke uwargida, wannan 'yar takarda taku ce. In akwai mai karatu a gidan, a sa shi ya karanta ta da ƙarfi bayan sallar isha'i don kowa ya ji. In babu, a kai wa malamin makaranta ko malamin asibiti ya karanta muku.

Ba sai an gaya wa Basakkwace zafin bazara ba. Da hunturu ya juya baya, sai rana ta buɗe. Daga watan Maris har ruwan fari ya sauka, wajen ƙarshen Mayu ko cikin Yuni, birnin Sakkwato yana cikin garuruwan da suka fi zafi a Nijeriya duka. Cikin Afrilu ma'aunin zafi ya kan kai digiri 40 a yawancin ranaku, wata rana ma ya haura 44, kuma wannan a inuwa a ke aunawa. Abin da ya sami birni shi ya sami Kware da Wamakko da Bodinga da Dange da Wurno. Mun saba, gaskiya ne. Amma sabo na mai ƙafa ne, wanda in rana ta tarad da shi zai tashi ya koma inuwa, in ƙishirwa ta kama shi ya je randa ya ɗebo. To, wanda ba ya iya tashi fa? Wanda ba ya ganin inda inuwar ta ke fa? Wanda ba ya iya cewa yana jin ƙishirwa fa? Su ne dalilin wannan takarda.

ABIN DA YA FARU A MAƘWABTA

A farkon Afrilun 2024 zafi ya yi tsanani a ƙasashen Sahel. A garin Kayes na ƙasar Mali ma'auni ya kai digiri 48.5 ran 3 ga wata. Babban asibitin Gabriel Toure da ke Bamako ya ba da labarin mutuwar mutum 102 cikin kwana huɗu kacal, alhali a Afrilun shekarar da ta gabace ta, wata guda cur, mutum 130 ne suka rasu a can. Fiye da rabin waɗanda suka mutu sun haura shekara 60. A lokacin ana azumin Ramadan, ga kuma ƙarancin wutar lantarki. Cikin Yunin wannan shekara kuma, lokacin aikin Hajji, zafi ya kai digiri 51.8 a Makka, hukumomin Saudiyya suka ce alhazai 1,301 ne suka rasu.

Mali ba nesa ta ke da mu ba, rana ɗaya ce ke dukanmu da su. Masana yanayi kuwa sun tabbatar duniya ƙara ɗumi ta ke yi, irin wannan zafi zai riƙa dawowa fiye da yadda kakanninmu suka sani. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

YADDA JIKI KE YAƘI DA ZAFI

Jikin mai lafiya yana zaune a kan digiri 37, ko da sanyi ko da zafi. In ya fara wuce haka, sai jini ya taso kusa da fata, gumi ya fito. Iska ta busar da gumin, jiki ya yi sanyi. Dubi randar ƙasa. Ruwan cikinta yana da sanyi ne domin tana tsattsafo da ɗan ruwa ta jikinta, iska na busarwa. Haka jikinka ya ke. Amma randa in ba a ƙara mata ruwa ba, ƙafewa za ta yi. Mutumin da ke aiki cikin rana ya kan zubar da gumi lita guda cikin awa ɗaya. In ba a mayar ba, jini ya ragu, zuciya ta wahala, ƙoda ta wahala. In abin ya ci gaba har zafin jiki ya kai digiri 40, ƙwaƙwalwa ta kan rikice. Wannan shi ne bugun rana, kuma yana kisa cikin 'yan awoyi.

Yanzu sai mu duba mutanen gidanka ɗaya ɗaya, domin ba hanya guda zafi ke bi ya same su ba.

WANDA KE KWANCE

Wanda ya fi kowa shiga haɗari shi ne wanda ke kwance a ɗaki: tsohon da hawan jini ya shanye masa ɓarin jiki, ko saurayin da ya karye a ƙashin baya cikin haɗarin babur ko mota, ko yaron da aka haifa gaɓoɓinsa ba su aiki.

Ka lura da wannan da kyau. Wanda lakarsa ta sami rauni, sau da yawa jikinsa ba ya yin gumi daga inda ya ji raunin zuwa ƙasa. Watau randarsa ba ta tsattsafo. Za ka taɓa shi ka ji fata a bushe, ka ce ai shi bai jin zafi. Kuskure ne babba. Shi ne ma zafin ke dafawa. Gumin da jikinsa ya kasa yi, kai za ka yi masa da hannunka. A jiƙa tsumma mai tsabta a riƙa shafe masa jiki, a yi masa fifita da mafici, tun daga hantsi har la'asar, ba sai ya roƙa ba.

Sa'an nan ga maganar ɗaki. Iyayenmu da suka gina soro mai kaurin bango da bukkar ciyawa sun san abin da su ke yi. Ɗakin kwano marar silin kuwa, da azahar tanderu ne. Abin takaici, a gidaje da yawa an kan bar majinyaci cikin irin wannan ɗaki, a ja ƙofa, kowa ya tafi kasuwa ko fadama. Wani don kunya ya ke yin haka, kada baƙi su gani. Babu abin kunya a cikin lalura, daga Allah ta ke. A fito da shi tun da hantsi, a kwantar da shi a rumfa, ko zaure, ko gindin dogon yaro. In ba shi ɗaukuwa, a shimfiɗa zana ko karan dawa a bisa kwanon, a buɗe taga da ƙofa ta gefen da rana ba ta shigowa, a yayyafa ruwa a ƙasa. Cikin Maris da Afrilu, sa'ad da iska ke a bushe, jiƙaƙƙen zane da aka rataya a taga yana sanyaya ɗaki ƙwarai.

Kuma ka tuna inuwa tafiya ta ke yi. Inda ka ajiye shi da ƙarfe goma, da ƙarfe ɗaya rana ce tsagwaronta. A sa yaro ɗaya ya zama aikinsa ke nan, ya riƙa dubawa.

Tabarmar kaba ta fi tabarmar roba, ta kuma fi katifa mai leda, domin waɗannan suna tara gumi da fitsari a ƙarƙashin jiki, fata ta yi laushi ta ɓare, gyambo ya kama. A riƙa juya shi bayan kowace awa biyu, a duba ƙugu da ɗuwawu da diddige. Inda aka ga fata ta canza launi ko ta yi zafi, kada a sake kwantar da shi a kan wurin sai ya warware.

Mai fanka kada ya dogara da ita kaɗai. In zafin ɗaki ya kai digiri 40, iskar da fanka ke kaɗawa ta fi jiki zafi, ƙara masa ta ke yi. Sai an jiƙa fata ko riga tukuna fanka ke da amfani.

MAGANAR DA BA A SON YI

Ga wani abu da ma'aikatan lafiya suka sani, amma ba a cika faɗarsa ba. Naƙasassu da yawa da gangan su ke ƙin shan ruwa. Me ya sa? Domin in sun sha, za su ji fitsari. In sun ji fitsari, sai sun kira wani ya ɗauke su, ko su ja jiki a kan ƙasa mai zafi zuwa masai mai ƙazanta. Tsohuwa ta kan ji nauyin surukarta. Budurwa ta kan ji kunyar kowa. Sai su ce, "Na ƙoshi," alhali maƙogwaro ya bushe.

Maganin wannan ba faɗa ba ne. A gyara hanyar bayan gida. A ajiye fo ko kasko mai murfi kusa da shimfiɗa, a sa labule. A share hanyar masai, a kafa itace ko igiya da za a riƙa dafawa, a yi ɗan kujera mai rami ga wanda ba ya iya tsugunawa. Mai jinya kuma ya saki fuska. In mutum ya ga ba a ɓata rai don ya kira, zai sha ruwa.

Babban mutum yana bukatar aƙalla lita biyu zuwa uku a yini lokacin zafi, watau kamar ledar fiya wata huɗu zuwa shida. A fi so ya sha moɗa guda kowace awa, ba ya jira ƙishirwa ba. A ajiye masa tulunsa da moɗarsa inda hannunsa mai lafiya zai kai. Fura da nono, da kunu, da farau-farau, da zoɓo marar yawan sukari, da kankana, duk suna taimako. Wanda ke ƙwarewa in ya sha, a zaunar da shi sosai, a ba shi da cokali kaɗan kaɗan, kunu mai ɗan kauri ya fi masa sauƙin haɗiya. Jaririn da bai kai wata shida ba, nonon uwa kaɗai za a ƙara masa, uwar ce za ta sha ruwan. Wanda likita ya ƙayyade wa ruwa saboda ciwon zuciya ko ƙoda, a koma a tambayi likitan tun bazara ba ta kama ba.

Fitsari shi ne ma'aunin talaka. In yana fita da yawa kuma fari-fari, lafiya lau. In ya yi kaɗan, ya yi ja, yana wari, ruwan jiki ya yi ƙasa.

GURGU DA MAI CIWON KUTURTA

An tabbatar da kawar da ƙwayar shan inna ta daji daga Nijeriya a Agustan 2020, amma waɗanda ta riga ta taɓa suna nan tare da mu. Mai tafiya da hannu da gwiwa ya fi kowa kusa da ƙasa, ƙasa kuwa ta fi iska zafi nesa ba kusa ba. Kwalta da tsakar rana tana iya tayar da bororo a fata. Ya sa takalmin hannu na katako ko na taya, ya ɗaure gwiwa. Keken guragu kuma ƙarfe ne. A ajiye shi a inuwa, a naɗe hannun da tsumma, a sa maƙeri ya kafa masa lema da wurin rataya gora. Tuƙa keke da hannu aiki ne mai cin ƙarfi, don haka mai zuwa kasuwa ya fita da sassafe, ya dawo bayan la'asar.

Shi mai ciwon kuturta haɗarinsa biyu ne. Inda ciwon ya taɓa ba ya yin gumi sosai, fata ta bushe ta tsage. Kuma tafin ƙafa da hannu ba su jin zafi, sai ya taka yashi mai ƙuna ko ya kama ƙarfe, bai sani ba sai ya ga ciwo. Yawancin yatsun da ke gutsurewa, irin waɗannan raunuka ne mafarinsu. Kada ya yi taku ɗaya ba takalmi. Kowace maraice ya jiƙa ƙafa da hannu cikin ruwa, ya shafa man kaɗe ko basilin, ya duba ko akwai sabon rauni. Kuturta tana warkewa, maganinta kyauta ne, asibitin Amanawa da ke ƙasar Dange da Shuni kuwa ya daɗe yana wannan aiki tun zamanin Turawa.

MAKAHO, KURMA DA ZABIYA

Makaho ba ya ganin launin fitsarinsa, sai ya lura da yawansa da warinsa. Kada a canza wa tulunsa wuri ba a gaya masa ba. Da dare, in an fito kwanan tsakar gida, a share wurin, a kakkaɓe masa shimfiɗa da takalmi, domin bazara lokacin kunama ne. A kuma ɗaura gidan sauro. Ɗan jagora shi ma yaro ne, ya fi babba saurin galabaita, a ba shi hula da takalmi da gorarsa.

Hukumar kula da yanayi ta ƙasa, watau NiMet, ta kan ba da gargaɗi in zafi zai tsananta, gidajen rediyo su watsa. Kurma bai ji ba. Wanda ya ji, ya gaya masa da maganar hannu. Tun yanzu a shirya da shi alamar jiri, da ta ciwon kai, da ta ƙishirwa, kada sai ranar ta zo a tsaya ana kallon juna.

Zabiya kuwa rana ce babbar abokiyar gabarsa. Fatarsa ba ta da abin da ke tare hasken rana, sai ta ƙone, in abin ya daɗe ya zama ciwon daji. Malfa mai faɗi, riga mai dogon hannu, da tabarau mai duhu, waɗannan wajibi ne gare shi. Kada a tura shi kiwo ko talla da rana. Duk ƙurjin da ya ƙi warkewa a nuna wa likita da wuri.

MASU SHAN MAGANI KULLUM

Wasu magungunan taɓin hankali suna rage gumi, suna kuma dushe jin ƙishirwa. Wasu na hawan jini suna ƙara fitsari. Mai farfaɗiya, zafi da rashin barci da ƙarancin ruwa su kan tayar masa da ciwo. Mai amosanin jini, watau sikila, da ruwan jikinsa ya ragu sai ciwon ƙashi ya taso. Duk da haka, kada a kuskura a daina magani da ka. A je wurin da aka rubuta shi, ko asibitin ƙwaƙwalwa na Kware ne, ko asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ko ƙaramin asibitin garinku, a tambaya.

Mai taɓin hankali ya kan sa riga kan riga, ya yi ta yawo cikin rana. A lallashe shi, a miƙa masa ruwa a hannu, a zauna a ga ya sha. Ɗaure shi a turu ko kulle shi cikin ɗaki da zafin nan, neman ransa ne. Mai farfaɗiya kuma kada a bar shi ya je wanka gulbin Rima ko tafki shi kaɗai don neman sanyi.

Magani ma zafi na lalata shi. A ajiye a wuri mai sanyi, ba kan taga ba. Wani malami na Jihar Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya sami lambar yabo ta duniya a shekarar 2000 saboda yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya: a sa ƙarama cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Inda babu firji, a ƙulle maganin cikin gwangwani mai murfi a ajiye a ciki.

In azumi ya zo cikin zafi, ka sani addini ya yi wa marar lafiya rangwame. A tambayi malami, a tambayi likita, kada a bar tsoho ya cuci kansa don kunyar jikoki.

IN ABU YA FARU

Alamun farko su ne ciwon kai, jiri, kasala, tashin zuciya, gumi mai yawa, da murɗewar tsoka. A kai shi inuwa, a sassauta tufafi, a shafe shi da ruwa, a ba shi ruwan gishiri da sukari. In akwai na leda da a ke bayarwa a asibiti, shi ya fi. In babu, a sami ruwa mai tsabta lita guda, watau ledar fiya wata biyu, a zuba sukari ƙaramin cokali shida a shafe, da gishiri rabin ƙaramin cokali. Kada a ƙara gishirin. In bayan rabin awa bai sami sauƙi ba, a tafi asibiti.

Amma in jiki ya yi zafi rau, ya fara surutai, ko bai gane mutane ba, ko ya yi fizge-fizge, ko ya suma, to bugun rana ne. Ga wanda dama ba ya magana, alamar ita ce ka ga ya canza: ya yi shiru ba kamar kullum ba, ko ya ƙi abinci, ko barcinsa ya yi nauyi. Kada a ce iska ce ta taɓa shi a tsaya turare. A tuɓe masa kaya, a yi ta kwara masa ruwa mafi sanyi da ke gidan, a wuya da hammata da matsematsi da jiki duka, ana fifita. Wasu na cewa ruwan sanyi a jiki mai zafi yana kisa. Ba haka ba ne, jinkiri ne ke kisa. Wanda ba ya cikin hayyacinsa kada a ɗura masa kome a baki, a kwantar da shi ta gefe. Farasitamol ba ya sauke irin wannan zafi. A nemi abin hawa nan da nan, a ci gaba da jiƙa shi har a isa.

Bazara kuma lokacin sanƙarau ne. A 1996 ya kashe fiye da mutum 11,000 a Nijeriya, a 2017 ya sake ɓarkewa, Zamfara da Sakkwato suna cikin inda ya fi ɓarna. Zazzaɓi da ciwon kai da sanƙarewar wuya da ruɗewa, ba aikinka ba ne ka rarrabe ko wannan ne ko wancan. Duka biyun asibiti su ke so a ranar. In masu allurar rigakafi sun zo gari, a fito da naƙasasshe, ko a kai su har ɗakinsa.

IN ZA A SHIGA BIRNI

Dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ce a fara sallamar naƙasasshe a duk inda a ke layi. Saboda haka a asibiti ko banki ko wurin rabon kaya, kada ka bar shi tsaye cikin rana. Ka je ka yi wa ma'aikaci magana cikin ladabi. Dokar ta kuma hana a ɗauki naƙasasshe a riƙa yawon bara da shi. Masu ajiye ɗan'uwansu a bakin titi ko ƙofar masallaci tun safe, su dawo ɗaukarsa da magariba, su ji wannan.

Mai zuwa ganin likita ko ziyarar Hubbaren Shehu ya kama hanya bayan asuba, da gorar ruwa, da tsumma, da lema. Kada a bar kowa cikin mota a rufe, ko na minti biyar ne.

Kai kuma mai unguwa, da kai dagaci, ku kira sarkin makafi da sarkin guragu da liman tun cikin Fabrairu. A ƙidaya gidajen da ke da mai lalura, musamman waɗanda ke zaune su kaɗai. A ba kowane ɗaya maƙwabcin da zai leƙa shi sau biyu a yini, da hantsi da bayan azahar, ya cika masa tulu, ya yi magana da shi ya ji ko amsarsa daidai ta ke. A san mai mota ko mai Keke Napep da za a tasa ko da tsakar dare ne, a rubuta lambar wayarsa a bangon zauren mai unguwa inda kowa zai gani.